An mayar min da idanuna a Alƙahira, amma alwala ta kusa ja min

Wata biyar ke nan da yi min aikin kwarmin ido, kuma har yau in aka tambaye ni ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu sai na ɗan yi jim. Idanun da suka turo waje dai sun koma ciki. Ranar da likita ya fara ɗora min ƙarfen nan mai madubi da ake auna fitowar ido, na dama milimita 27 ne, na hagu 25. Yanzu 22 da 21. Na daina manna filasta a fatar ido kafin na kwanta, ɗalibaina ma sun daina zaton harararsu nake yi.

Masu irin ciwona sun san zancen. Cutar Graves ce, maƙoƙon nan mai ramar da mutum da sa zuciya gudu, shekara uku ina shan carbimazole. Garkuwar jiki ce take kumbura kitse da tsokar da ke bayan ido, kwarmin ido kuwa ƙashi ne, ba ya buɗawa, sai ƙwayar idon ta turo waje. Aikin shi ne a cire wani yanki na ƙashin don a samu fili. Ni bangon da ke jikin hanci aka cire min, ta cikin hancin aka bi da na'ura mai kyamara, aka haɗa da ƙasan kwarmin. Ko tabo babu. Kuma ba su yarda sun taɓa ni ba sai da gwajin jinina ya daidaita, idon ya yi wata shida bai ƙara fitowa ba. Nan kam na yaba musu.

To ga abin da ya sa na zauna rubutun nan. Kwana uku da aiki aka sallame mu muka koma masauki, ni da Yayana da ya raka ni. Da asuba na shiga banɗaki na yi alwala yadda na saba tun ina yarinya: na kurkure baki, na shaƙa ruwa, na fyace. Ban ma fyace da ƙarfi ba, don hancin cike yake da busasshen jini. Wallahi kafin na kai ga wanke fuska na ji idon dama ya yi nauyi. Na ɗago na kalli madubi, fatar idon ta hau kamar balan-balan, ta rufe idon ruf, kumburin ya gangaro har kumatu. Da na taɓa sai na ji yana ƙaras-ƙaras, kamar ana murza leda a ƙarƙashin fata. Na ƙwala wa Yaya kira. Yana leƙowa ya hau salati, ni kuwa na riga na sallama cewa idon ya tafi.

Muka kira tafintan da ya haɗa mu da asibitin, wanda ya karɓi kasonsa tun kafin mu sauka daga jirgi. Kira bakwai bai ɗaga ba. Yaya ya tare tasi da ɗan Larabcinsa na Islamiyya, muka isa gari bai gama wayewa ba, muka yi zaman awa biyu kafin likitan ya shigo. Ya haska idon, ya sa na karanta haruffa, ya auna matsin cikin ido, sannan ya tambaya ko na fyace hanci. Ashe tunda an cire ƙashin da ya raba kwarmin ido da kogon hanci, duk iskar da aka tura da ƙarfi bayan ido take wucewa. Ya ce sati biyu ba fyacewa, atishawa ma baki buɗe, kuma ai an rubuta a takardar sallama. Na duba, an rubuta kuwa, layi na tara, da Turanci, da ƙananan haruffa, an miƙa wa macen da idanunta biyu suke a kumbure da man shafawa. Abin da ya fi ƙona min rai, bawan Allahn nan da dardumar sallarsa a ninke a kan kujerar ofis. Ya san sau biyar muke kai ruwa hanci a rana. Kalma ɗaya ta ishe ni, tunda shaƙa ruwa da fyacewa sunna ce, ba farilla ba, da na bar su. Yaya ya ce, “Ki yi haƙuri ƙanwata, tunda ganin yana nan.” Aka ƙara min maganin kashe ƙwayoyin cuta, iskar ta sace da kanta cikin kwana shida, mu kuma muka biya canjin tikiti da ƙarin kwanakin masauki, a wannan tsadar dalar.

Da na dawo gida na huce, har na fara ba mutane lambar asibitin. Sai ga gani biyu-biyu ya ƙi tafiya. Gaba sosai lafiya lau, amma in na kalli gefe sai mutum ya rabu biyu, matakalar bene kuwa sai na runtse ido ɗaya. Gaskiya an faɗa min hakan na iya faruwa, na sa hannu. Abin da ba a faɗa min ba shi ne aikin hawa-hawa ne: ƙashi tukuna, sannan gyaran tsokar da ke juya ido, sannan fatar ido in ta ƙi saukowa, kowanne da kuɗinsa. Da na sani da ban sayar da filina ina murnar an gama ba. Leɓena na sama ta dama shi ma har yanzu kamar ba nawa ba, wai jijiyar da ta bi ta ƙasan kwarmin ce ta ji jiki, shayi sai ya zubo ban sani ba.

Hannun likitan na ba shi huɗu cikin biyar, tafinta ko ɗaya bai ci ba. Yanzu wata ’yar leda mai layi-layi aka manna min a gilashin tabarau na dama tana haɗe min hoton, likitan idona na nan gida ya ce mu ƙara wata guda mu gani ko ma'aunin karkatar idon ya tsaya kafin a yi zancen aiki na biyu. Lambar asibitin dai na daina bayarwa sai na fara tambayar mutum ko ya shirya zuwa sau biyu.