HandBrake da MKVToolNix: gwajin da na yi musu a kan tsofaffin faifan biki

Duk gidan da aka yi biki a Kano shekaru goma sha zuwa ashirin da suka wuce, za ka samu faifan DVD a durowa: kamu, wunin biki, ɗaurin aure, wani ma har da Hawan Daushe da mai kyamara ya ɗauka daga Ƙofar Kudu. Yanzu na'urar kunna su ta yi wuya, kowa so yake a juye masa a waya. Matsalar da kusan kowa ke cin karo da ita bayan juyin ita ce baki daban, murya daban. Mai guɗa ta buɗe baki ta rufe, sai can guɗar ta biyo baya.

Haka faifan bikin yayata ya dawo daga wani shagon tura-tura. Da na yi magana sai yaron ya ce, "Wallahi Yaya, faifan ne ya tsufa." Amma a na'urar DVD lafiya lau yake tafiya, don haka na zauna da kwamfuta na gwada manhajoji biyu na kyauta, HandBrake mai juya bidiyo da MKVToolNix mai haɗa hoto da murya a fayil ɗaya.

In ka buɗe faifan a kwamfuta za ka ga jaka mai suna VIDEO_TS, cikinta fayiloli masu ƙarewa da VOB, kowanne bai wuce gigabait 1 ba. Bidiyo ɗaya ne aka yayyanka, akwai kuma ƙananan fayilolin IFO da ke riƙe da bayanin yadda guntayen za su haɗu. Masu gaggawa sukan kwashi VOB ɗin ɗaya bayan ɗaya su juye, sannan su liƙa. A kowace mahaɗa murya na iya zamewa kaɗan, kafin a kai ƙarshe ta yi nisa. HandBrake ya burge ni a nan, domin jakar gaba ɗaya ake ba shi, shi ya karanta IFO ya jera kashi-kashin bidiyon da tsawon kowanne. Faifan da aka ɗauka da rikodar DVD ta gida yakan zo da kashi da yawa, domin duk sanda aka tsayar aka sake dannawa sabo take buɗewa. Gara a juye kowanne shi kaɗai.

Wuri na biyu da ake yin ɓarna shi ne adadin hotuna a daƙiƙa. Tsarin talabijin na Nijeriya PAL ne, hoto 25 a daƙiƙa, girmansa 720 da 576. Na Amurka NTSC ne, 29.97. Ka duba akwatin Framerate na HandBrake, inda ake zaɓar wannan adadin, da kyau kafin ka danna komai, domin saitin da ka tarar ba lallai ya dace da faifanka ba. Ni na zaɓi 25 tare da Constant Framerate, wato adadin ya tsaya ɗaya daga farko har ƙarshe. Da wannan kaɗai yawancin faifan gidanmu suka fito daidai, har tafin 'yan mata a wajen kamu yana faɗuwa a kan hannu.

Sai dai HandBrake ba shi da wurin da za ka ce a ja murya gaba ko baya. In ta zame tun daga asali, haka zai ba ka ita. Kuma yana cin lokaci a tsohuwar kwamfuta, ka tabbata batirinka ya cika kafin a ɗauke wuta.

Kafin a nemi magani sai an san irin zamewar. Ka buɗe bidiyon a VLC, manhajar kallon bidiyo, ka nemi wurin da ake buga abu, kamar makaɗi na dukan kalangu ko mata na kiɗan ƙwarya, domin ido ya fi kama duka a kan motsin leɓe. Maɓallin K yana jinkirta murya, J yana gaggauta ta, kowane dannawa milisakan 50 (milisakan dubu ne daƙiƙa ɗaya), kuma lambar tana fitowa a saman allo. Ka danna har duka da sauti su haɗu, ka rubuta lambar. Sannan ka tsallaka tsakiya da ƙarshe. In lambar ɗaya ce ko'ina, ka huta. VLC dai ba ya ajiye gyaran a cikin fayil, awo kawai ya yi maka.

Nan MKVToolNix ke shigowa. Fuskarsa ba ta da fara'a, wanda bai saba ba zai iya rufe shi a ganin farko. Amma aikin kaɗan ne: ka jefa fayil, ka danna layin murya, ka sa lambarka a akwatin Delay, da alamar ragi in muryar ce ta makara. Ba ya sake sarrafa hoton, don haka ingancinsa ba ya raguwa, kuma kafin ka gama shan ruwa ya kammala. A wani faifan na sa ragin 400, sai ga bakin liman da addu'arsa sun haɗu. Abin lura shi ne fayil nau'in MKV yake fitarwa, wasu tsofaffin talabijin masu ramin filashi kuma ba sa karanta shi. Ga mai buƙatar MP4, wata manhajar mai suna Avidemux tana da akwatin Shift mai yin aiki iri ɗaya, in aka bar hoto da murya a kan Copy.

Mai wahalar ita ce zamewar da ke canzawa a hanya, wadda aka fi samu a faifan da aka juyo daga kaset ɗin VHS. Duk inda kaset ya ci zare ko hoto ya ɗauke, rikoda takan yi tsalle, murya ta canza wuri. Lamba ɗaya ba ta gyara wannan. Sai ka yanka bidiyon a daidai wuraren tsallen, ka auna kowane yanki, ka gyara, ka sake haɗawa. Faifan bikin Gwaggo na 1998 haka ya sha ni, kuma ban ga manhajar da ta ɗauke mini wannan aikin ba.

Ga mai faifai biyu ko uku na gida, HandBrake da VLC sun ishe shi. Masu shagon juyi a Farm Centre da Titin Beirut kuwa, ya kamata MKVToolNix ya zauna a kwamfutarsu, kuma su riƙa duba ƙarshen bidiyo kafin su miƙa wa mai shi.