Tumu ko Dafaffiyar Gyaɗa?

Da kaka ta kama, wajen watan Satumba, gardamar gidanmu ɗaya ce: tumu ko dafaffiyar gyaɗa.

Tumu aikin yara ne. A karyo zangarniyar sabon gero, a babbaka a bakin murhu, a murje a tafin hannu, a hure. Ƙamshinsa har zaure. Amma ba ya cika ciki, ga ƙaiƙayi a wuya, kuma gero na bushewa an wuce wurin.

Gyaɗa kuwa Inna ke dafawa da ɓawonta da gishiri, tukunya ɗaya har maƙwabta. Sai dai in ta kwana ta yi yauƙi.

Ni dai tumu, ko don tatsuniyar kakarmu a bakin wuta.