Jidda ko Masar: ina za a kai dabbobi?

Ɗan kasuwar dabbobi a Gadarif, da ke gabashin Sudan, ƙofa biyu gare shi. Ta farko Sawakin ce, inda ake loda tumaki a jirgin ruwa zuwa Jidda. Riyal ake karɓa, kuma gab da babbar sallah ciniki kan kankama. Sai dai Saudiyya ba ta wasa da takardar lafiya. A 2019 ta dakatar da karɓar dabbobin Sudan saboda ɓarkewar zazzaɓin dabbobi, masu tumaki suka zauna suna ciyarwa babu mai saye.

Ɗaya ƙofar Masar ce, ta ƙasa, inda raƙuma ke nufar kasuwar Daraw. Hanya doguwa, dabba takan rame kafin ta isa.

Ni kam, in raguna ne a hannuna, Jidda zan dosa.