Hattara da mai tallar birkin Brembo na jabu

Jama'a, musamman matasa masu son gyara mota, ku yi hattara. Akwai wani da ke tallar manyan faifan birki da jar kalifa (ƙarfen da ke matse faifan idan an taka birki) a Facebook da WhatsApp, yana cewa Brembo ne na asali, 'yan Beljiyam. Sai ka biya kuɗi duka kafin ya turo maka kayan. Ƙanina ya faɗa hannunsa kan Camry ɗinsa.

Da kayan suka iso Kano, bakanikenmu yana ɗaga kalifa ya girgiza kai. Tsohuwa ce aka fesa mata jan fenti, aka manna sunan Brembo da sitika. Ya kankare da farce, fentin ya tashi. Robar fistan ɗaya ta tsage, man birki na tsiyaya. Faifan kuma an riga an goge shi a injin har ya yi ƙasa da mafi ƙarancin kaurin da kamfani ya buga a gefensa, wanda ake rubutawa MIN TH. Ramukan da ke jikinsa da hannu aka huda su, har sun fara tsattsagewa. Wannan faifai idan ya ɗau zafi a hanyar Kaduna zuwa Abuja, Allah kaɗai ya san abin da zai faru.

Abin da ya fi ɓata min rai, mai tallar bai ma tambayi girman rim ba. Faifai mai milimita 355 ba ya shiga rim mai inci 16. Da ƙanina ya kira shi, sai ya ce a ƙaro kuɗi ya turo sifesa, wato ƙarfen da ake sawa a bayan rim don ya ƙara tazara. Bayan kwana biyu layin a kashe.

Brembo kamfanin Italiya ne da ke Bergamo tun 1961, kuma saboda yawan jabu ya fito da manhajar Brembo Check da ake duba lambar QR ta jikin kayansa. Wanda ya ƙi nuna maka lambar, ka riƙe kuɗinka.

Kuma yawancinmu babban faifai ba shi ne matsalarmu ba. Taya mai kyau, fad (abin da ke gogar faifan birki) na kirki da sabon man birki DOT 4 sun fi saurin tsayar da mota a titinmu. In har sai ka canza, ka je da bakanikenka, ya auna faifan a gabanka kafin ka tura ko kwabo.