Littafin shekara na Britannica: kwafi uku da na saya a bakin kasuwa

Ni malamin tarihi ne a wata sakandare a Tudun Wadan Kaduna, kuma ni ke shirya yaranmu idan za su gasar kacici-kacici. A watan jiya na bi ta Ahmadu Bello Way, daf da Kasuwar Sheikh Gumi, sai idona ya faɗa kan wasu tika-tikan littattafai masu bango mai kauri a shimfiɗar wani dattijo mai sayar da tsofaffin littattafai. Britannica Book of the Year ne, wanda aka riƙa fitarwa duk shekara tun daga 1938 har zuwa 2018.

Na tsugunna na ɗauki na 1966, na yi ta buɗa shafuka ina neman labarin kisan Sardauna, shiru. Dattijon yana kallona, can ya ce, "Malam, me ake nema?" Na gaya masa. Ya miƙa hannu ya zaro wani, ya karkaɗe ƙurar da hannun rigarsa. "Ga shi nan, na 1967 za ka ɗauka. Shekarar da ke bango, labarin bara take bayarwa." Duk mai niyyar saye ya riƙe wannan. Na ce, "Baba, Allah ya saka da alheri," na haɗa da na 1961 saboda 'yancin kai, da na 1977 saboda Murtala. Dubu goma sha biyu muka daidaita.

Tsarinsa mai sauƙi ne: jerin abubuwan da suka faru wata bayan wata, tarihin fitattun mutanen shekarar, waɗanda suka rasu, sai bayani kan kowace ƙasa.

Abin da ya kama zuciyata shi ne na 1967 ɗin. Waɗanda suka rubuta shi sun san 15 ga Janairu 1966, ranar da aka kashe Sardauna, sun san juyin mulkin 29 ga Yuli, amma iyakar saninsu ke nan. A cikinsa Gowon yana Laftanar Kanar, Najeriya tana da yankuna huɗu, Kaduna ce hedikwatar Arewa baki ɗaya. Ba a yi jihohi 12 ba tukuna, sai 27 ga Mayu 1967. Yaƙin basasa kuma sai Yuli. Da na kai shi aji na karanta wa 'yan SS2, wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, wato su ba su san za a yi yaƙi ba?" Shekara da shekaru ina ƙoƙarin cusa masu wannan fahimta, waya ba ta taɓa ba su ita ba, domin a intanet kullum da ƙarshen labari ake fara cin karo.

Amma a sani, Turancinsa yana da nauyi ga ɗan ƙaramin aji, kuma rabon Najeriya bai taka kara ya karya ba idan aka gwada da na Amurka da Ingila. Mai son zurfafa bincike kan Arewa, Arewa House, cibiyar binciken tarihi da ke Kaduna, ita ce wurin zuwansa.

Kuma a duba tsakiya kafin a biya. Na 1977 sai da na isa gida na ga gara ta cinye gefen shafuka kusan ashirin. Na koma washegari, Baba bai yi musu ba, ya mayar mani da dubu ɗaya da ɗari biyar. Na bar masa sallahu ya ajiye mani na 1971 idan ya shigo hannunsa, ina so in ga yadda suka rubuta ƙarshen yaƙin.