GARGAƊI GA MASU JIRAGEN RUWA: A KULA DA MASU "ALAIMEN" ƊIN SITIYARI

Salam 'yan uwa, dan Allah duk mai jirgin faiba mai sitiyarin haidurolik ko direban da aka damƙa wa irinsa ya tsaya ya karanta, musamman mutanenmu na Yawuri, Kainji, Lakwaja da masu aikin jirgi a Legas. Akwai wani mutum da ke yawo a guruf-guruf na WhatsApp da Facebook yana tallan wai yana yi wa sitiyarin jirgi alaimen, har da wani ɗan ƙarfe da yake cewa daga waje aka kawo, in an ɗaura shi sitiyari zai riƙa tsayawa cak a tsakiya. Wallahi damfara ce. Maigidana ya tura masa kafin alƙalami, ya zo ya yi abin da ya yi ya karɓi cikon kuɗinsa, ko sati ba a rufa ba sitiyari ya koma yadda yake, yanzu lambarsa ma ba ta shiga.

Abin da yake cin mutane da shi shi ne mun saba da mota. A mota ƙarfe ne ya haɗa sitiyari da taya, to a jirgi mai sitiyarin haidurolik irin samfurin SeaStar da BayStar ba haka bane, famfo ne a bayan sitiyarin, in ka murza sai ya tura mai ta cikin tiyo biyu zuwa silindar da ke jikin inji, man ne ke juya injin. Kuma kullum akwai ɗan man da ke zamewa a cikin famfon, balle in ka kai sitiyari ƙarshe ka ci gaba da dannawa, shi ya sa yau za ka ga tambarin tsakiyar sitiyari a miƙe gobe ka gan shi a karkace alhali jirgi na tafiya sambal. Haka aka ƙera shi. Ba lalacewa bace, kuma babu wani ƙarfen da zai hana.

A gabana ya yi aikin. Ya sa sifana ya sassauta 'yan notukan cire iska na jikin silinda, ya juya sitiyari har tambarin ya miƙe, ya ɗaure, ya maƙala ƙarfen nasa a jikin tiyo da waya, shi kenan fa. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne man da ya zube sai ya cike gurbinsa daga wata gora marar takarda, ashe man birki ne. Man birki cinye robobin sil masu hana mai yoyo yake yi! Da muka kai wa bakanike na gaske sai da aka zubar da man gaba ɗaya aka wanke tiyo aka canza sil, silinda har ta fara yoyo ta bakin sandar. Ku duba fa, jirgi ne mai ɗaukar mata da yara ranar kasuwa, in sitiyari ya saki a tsakiyar Neja ga ruwa ya cika, ina za a kama?

Abin da ya kamata ya tayar maka da hankali daban ne. In sitiyari ya yi laushi, ko kana murzawa inji bai amsa nan take, ko yawan juyin da kake yi daga ƙarshe zuwa ƙarshe ya ƙaru a kan yadda ka saba, to iska ta shiga ko mai ya yi ƙasa ko sil ya mutu, kar ka ɗau fasinja sai an duba. Buɗe murfin saman famfo ka leƙa mai, shafa hannu a bakin tiyo da sandar silinda ka ji ko da danshi. In kuma jirgin ne ke ja gefe guda a kan gudu, a fara duba ɗan fiffiken da ke saman farfela da yadda aka raba kaya, ba sitiyari ba.

Mai kuma a sa wanda kamfanin ya ce, a buɗe gorar a gabanka. Kar ka tura wa kowa kuɗi kan hoto da bidiyo. Dan Allah ku tura wa shugabannin tashoshin jirgi da direbobi, don mun ji yana neman sababbin guruf da wata lambar.