Boris ne ko taya? Ga inda kukansu ya bambanta

Malam, ka ce motarka na gurnani da zarar gudu ya kai kilomita 60, kana tambaya ko boris ne (wato ƙarfe mai ƙwallaye a ciki da ƙafar mota ke juyawa a kansa) ko taya. Kukan nasu ya yi kama ƙwarai, har makanikai ma sukan rikice.

Dukansu biyu gudun mota suke bi, ba ƙarar inji ba. Ɗaga ƙafa daga totur mota na tafiya: inji zai lafa, gurnanin kuwa yana nan.

A kwana suke rabuwa. Samu titin da babu zirga-zirga, ka riƙa karkata sitiyari a hankali, hagu da dama. In ka yi hagu, nauyin mota kan ƙafafun dama yake komawa, boris ɗin da ya cinye kuma yakan ƙara kuka in nauyi ya hau shi, ya sassauta in an sauke masa. Saboda haka ƙarar da ke tashi a kwanar hagu galibi ta boris ɗin dama ce. Na ce galibi, domin yawancin boris layi biyu na ƙwallaye ne a cikinsu, wani lokaci sai su yaudare ka. Taya kuwa kwana ba ta cika damunta ba, da kwalta take magana: a kan mai santsi ta yi ƙasa, a kan mai kaushi ta tashi.

Sai aikin hannu, wanda na fi yarda da shi. Shafa tafinka a bayan tayar. In ka ji tudu da kwari, ko kaifi kamar haƙoran zarto, tayar ce, kuma a duba shokozoba da saitin ƙafa. Mayar da tayoyin gaba baya. In ƙarar ta bi su, magana ta ƙare. Shi kuwa boris, ɗaga motar da jak, ka tokare ta da kyau, ka kama tayar sama da ƙasa ka girgiza, ka ji ko tana wasa. Sai dai yakan lalace ba tare da ya yi wasa ba, don haka juya tayar da hannu ɗaya, ɗayan a kan sifirin. Za ka ji gurzawa a yatsunka kamar an zuba yashi a ciki.

Ƙas-ƙas-ƙas ɗin da ake ji in an murɗa sitiyari ƙarshe ana tafiya a hankali, wannan shaf ne, wato sandar da ke kai ƙarfin inji zuwa ƙafa.

In ya tabbata boris ne, don Allah kada ka yi doguwar tafiya da shi. Yana zafi, yana iya kunna fitilar gargaɗin birki ta ABS, in ya yi nisa ƙafar na iya cijewa ko ta fice kana cikin gudu.